Ina Aka Kai Mutum-mutumin Gordon? Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan batu ɗaya: abin da Turawan mulki suka kafa a dandalolinmu, da abin da ya dace a yi da shi. Mun miƙa su ga masana tarihi da masu gyaran kayan tarihi da ke taimaka wa wannan fili. An taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Wani dattijo ɗan Umdurman da ke zaune a Kasala: "Muna yara ana cewa akwai Bature a kan raƙumi a bayan fadar Khartum. Jikokina sun ce tatsuniya ce. Ya abin yake, kuma ina aka kai shi?"

Baba, Allah ya ƙara girma, kai ke da gaskiya. Mutum-mutumin Janar Gordon ne, wanda mayaƙan Mahadi suka kashe ranar 26 ga Janairu 1885 da suka ci Khartum. Wani maƙeri mai suna Edward Onslow Ford ne ya zana shi, na tagulla, Gordon yana zaune a kan raƙumi. Zubi biyu aka yi. Na farko yana barikin injiniyoyin soja a Chatham ta Ingila tun 1890. Na biyu aka fara kafa shi a Landan a 1902, daga baya aka yo jigilarsa ta ruwa, aka kafa shi a Khartum a 1904, a mahaɗar titin da ake kira Gordon da wanda ake kira Victoria. Yana da abokin zama: Kitchener, kwamandan Ingila da ya ci Sudan a 1898, a kan doki, aikin Sydney March, wanda aka kafa kusa da bakin Nilu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ranar 1 ga Janairu 1956 Sudan ta sami 'yanci, amma dukansu biyu suka ci gaba da tsayuwa kusan shekara uku. Sai da Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba 1958 sannan aka sauke su a watan Disamba. Ba taron jama'a ne ya ja su da igiya ba, gwamnati ce ta cire su cikin tsari, ta miƙa wa Birtaniya. Gordon da raƙuminsa suna harabar makarantar da ke ɗauke da sunansa kusa da Woking tun 1959. Kitchener da dokinsa aka kafa su a Chatham a 1960. Ka gaya wa jikokin su nemi hotunan a intanet, za su gansu garau.

Sunaye ma an canja su. Titin Victoria shi ne Shari'ul Ƙasri na yau, titin Gordon ya koma Shari'ul Jami'a, Kwalejin Tunawa da Gordon da aka buɗe a 1902 kuwa ita ce ta zama Jami'ar Khartum a 1956. Ginin bai motsa ba.

Wani ɗalibin jami'a daga Wad Madani: "Malaminmu ya ce cire mutum-mutumi goge tarihi ne, ko na azzalumi ne a bar shi. Ni ban yarda ba, amma na rasa hujja."

Ɗan'uwa, fara da wannan tambayar: wa ya kafa shi, yaushe, kuma don wa ya gani? Dakalin da ke tsakiyar dandali wurin girmamawa ne. Wanda aka ɗora a kai, ana gaya wa duk mai wucewa ne ya ɗaga kai ya dube shi. To dubi wanda aka ce mutanen Umdurman su ɗaga wa kai. A yaƙin Karari kusa da Umdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, an kashe Ansar, wato mabiya Mahadi, wajen 11,000 cikin rabin yini, ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Bayan nan aka rushe ƙubbar Mahadi, aka tone gawarsa aka jefa a Nilu, aka ajiye ƙoƙon kan, sai da abin ya jawo surutu a Ingila kanta sannan aka binne shi a Wadi Halfa. Ƙubbar ta zauna a rushe har 1947 da Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, ya sake gina ta. Ka ga ashe wanda aka yi wa mutum-mutumin ne ya fara rusa abin tunawa na wasu. Wannan kaɗai ya ishe ka hujja a gaban malam.

Amma kada ka yi saurin murna, maganarsa tana da rabin gaskiya. Saukewa daban, ɓatarwa daban. Ƙasashe sun bi hanyoyi iri-iri. A Bur Sa'id ta Masar, bayan harin da Birtaniya, Faransa da Isra'ila suka kai a 1956, nakiya aka sa wa mutum-mutumin De Lesseps, mai haƙa mashigin Suwes, aka bar dakalin babu kowa, shi kuma ya shekara fiye da 60 a ajiye kafin a kai shi gidan tarihi a Isma'iliyya a 2020. A Indiya tattara da yawa daga cikin na Turawa aka yi aka kai wani lambu a gefen Delhi, har da na Sarki George na Biyar. A Aljiyas, wani babban ginin tunawa na Faransawa rufe shi aka yi da siminti a 1978, yana nan a ciki har yau. A Bristol, ranar 7 ga Yuni 2020, masu zanga-zanga suka jefa na Edward Colston, ɗan kasuwar bayi, cikin ruwan tashar jiragen ruwa. Hukuma ta tsamo shi, ta ajiye shi a gidan tarihi a kwance, da fentin da aka watsa masa, da bayanin abin da ya aikata.

A ganinmu wannan ta ƙarshe ta fi sauran. Hanyar da Sudan ta bi a 1958 ta yi mutunci, sai dai ta yi asarar shaida. Da an kwantar da Kitchener a harabar Gidan Halifa, magajin Mahadi, da ke Umdurman, wanda gidan tarihi ne tun 1928, kusa da kayan yaƙin Ansar, da kowane ɗan firamare zai ga mai cin yaƙin da waɗanda aka ci a wuri ɗaya, kuma da jikokin dattijon da ya yi tambayar farko ba su ce masa tatsuniya ba ce. Yanzu Gordon da Kitchener suna can a tsaye a kan sababbin dakalai, a ƙasar da ke girmama su.

Wani abin da zai ƙara wa muhawararku armashi: a 2003 Charles Bonnet da abokan aikinsa suka tono mutum-mutumi bakwai na sarakunan tsohuwar daular Kush a wani rami a Dukki Gel kusa da Karma, ciki har da Taharƙa da Aspelta, duk an karya su da gangan tun fiye da shekara 2,500, aka kuma binne gutsattsarin a tattare. Saboda an binne ba a niƙe ba, aka iya harhaɗa su, suka tsaya a gidan tarihin Karma da aka buɗe a 2008.

Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma daga Bur Sudan: "Idan aka umarce mu mu sauke abin tagulla daga kan dakali don a adana, ya ake yi ba tare da ya lalace ba? Injin ɗaga kaya kawai muke da shi."

Ranka ya daɗe, babban kuskure shi ne ɗaukar abin a matsayin dunƙulen ƙarfe. Cikinsa rami ne. Kaurin tagullar ba ya wuce milimita 5 zuwa 10 a mafi yawan wurare, kuma gunduwa-gunduwa ake zuba shi sannan a haɗa, don haka kai, hannuwa, wutsiya da takobi duk suna da mahaɗa. A ciki sau da yawa akwai sandunan baƙin ƙarfe da ke riƙe shi. Idan ruwa ya daɗe yana shiga, sandunan kan yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ninka kaurin ƙarfen, ta tsaga tagullar daga ciki. Idon sawu da ƙafafun doki su ne suka fi tsagewa, kuma nan ne duk nauyin yake.

Kafin a taɓa komai a ɗauki hoto ta kowace fuska, da ma'auni a jikin hoton, a kwafe duk rubutun da ke jikin dakali da hatimin maƙera da ke gindin tagullar. A ƙiyasta nauyi: mutum a tsaye mai girman ɗan Adam yakan kai kilo 200 zuwa 400, mahayi da dokinsa kan haura tan 2. A zaɓi injin da ƙarfinsa ya ninka haka, a tuna kuma cewa gwargwadon miƙewar hannun injin gwargwadon raguwar abin da zai iya ɗauka.

Sarƙa da igiyar waya haramun ne a wannan aikin. Faffaɗan ɗamarar ɗaga kaya ta zare ake sawa, a shimfiɗa bargo ko soso a ƙarƙashinta, a zagaya ta ƙirji da ƙugu, ga doki kuwa ta ƙarƙashin ciki, bayan ƙafafun gaba da gaban na baya. Ba a rataya ta wuya ko hannu. A sa sandar raba nauyi a sama don kada ɗamarar ta matse jikin ta loɓa shi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin rabuwa da dakali. Akwai turaku na ƙarfe da suka nutse cikin dutsen, an cika ramin da darma ko siminti. Idan direba ya ja da ƙarfi, dakalin ba zai saki ba, ƙafar ce za ta tsinke. Abin yi shi ne injin ya ɗan ɗauki nauyin kawai, har ɗamarar ta miƙe, sai a sassaƙe simintin da ke gindi, a buɗe 'yar kafa, a yanke turakun ɗaya bayan ɗaya ana cusa katako a inda aka yanke. Bayan na ƙarshe a ɗaga santimita 5, a tsaya, a duba ko abin ya karkata, sannan a ci gaba.

Ajiya a garinku tana da nata ciwon kai. Iskar Bahar Maliya ga gishiri ga laima, kuma su biyun ne ke haddasa cutar tagulla: ɗigo-ɗigon kore mai haske da ke fitowa kamar gari, yana cin ƙarfen har ya huda shi. Koren da ya kwanta sumul ba cuta ba ne, kada a goge shi. A ajiye a ɗaki busasshe, a kan katako, laima ƙasa da kashi 40 cikin ɗari idan cutar ta riga ta kama. Kada a naɗe da leda, tana tara gumi. Kada a wanke da ruwan batir ko a fesa masa yashi don ya yi ƙyalli. Ruwa mai tsabta, burushi mai laushi, a bushe, a shafa kaki marar kauri sau ɗaya a shekara, ya wadatar.

Wata malamar Islamiyya daga Gadarif: "Ku kuna maganar adana gumaka. Shin addini bai ce a karya su ba?"

Malama, Allah ya ƙara ilimi, fatawa ta malamai ce, mu dai za mu shimfiɗa abin da ke littattafai. A Sahihu Muslim akwai hadisin da Sayyidina Ali ya aiki Abul Hayyaj da umarnin kada ya bar wata sura bai shafe ta ba, ko kabari mai tudu bai daidaita shi ba, kuma sananne ne cewa ranar buɗe Makka an kakkarya gumaka 360 da ke kewaye da Ka'aba. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, sassaƙa surar abu mai rai, cikakkiya, mai inuwa, wadda za ta daɗe, haramun ne. Idan an tauye ta ta yadda mai irinta ba zai rayu ba, ko zane ne a shimfiɗe, hukuncin ya sassauta, an kuma togace 'yar tsanar yara mata. A kan ƙera sabo da kafa shi don girmamawa, maganar jamhuru a fili take.

Saɓanin yana kan tsofaffin da aka tarar, waɗanda ba mai bauta musu. Masu cewa a bar su suna kafa hujja da cewa sahabbai sun ci Masar ƙarƙashin Amru ɗan As, kayan Fir'aunoni kuma suka wanzu, da kuma ayoyin da ke umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata. A 2001 tawagar malamai, har da Shaihu Yusuf Ƙardawi, ta je Afganistan don hana rushe gumakan Bamiyan, ba a saurare ta ba. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa umarnin bai ware tsoho da sabo ba. Abin da za ki lura da shi kawai: wanda ke son a sauke Kitchener saboda addini da wanda ke son a sauke shi saboda Karari sun haɗu a kan dakali, inda suka rabu shi ne ƙofar gidan tarihi.

Wani mazaunin Makka: "Ganuwar Ajyad da aka rushe, ita ma abin mulkin mallaka ce?"

Alhaji, ya danganta da wanda ka tambaya. Daular Usmaniyya ce ta gina ta wajen 1780 a kan dutsen da ke kallon Harami, don tsaron Ka'aba. An rushe ta a Janairu 2002, aka baje dutsen, aka gina dogayen benayen nan masu agogo. Turkiyya ta yi kuka ƙwarai, Saudiyya ta ce harkarta ce ta cikin gida, kuma alhazai na buƙatar masauki. Ba ƙin duk abin da Turkawa suka bari ba ne, domin tashar jirgin ƙasan Hijaz da ke Madina gyara ta aka yi aka mayar gidan tarihi. Ajyad tsadar filin da take kai ce ta ci ta.

Wani matashi daga Maiwurno: "Muna son mu kafa abin tunawa da hijirar kakanninmu. Me za mu rubuta, kuma da me za mu gina?"

Madalla, ɗan'uwa, wannan ita ce wasiƙar da ta fi daɗaɗa mana. Ƙashin bayan labarin a tabbace yake. Sojojin Lugga sun ci Kano a Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka cim masa a Burmi, a jihar Gombe ta yau, aka kashe shi ranar 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa. Ku rubuta wannan, da sunayen zangon da dattawanku suka haɗu a kansu. Inda ruwayoyi suka saɓa, kamar yawan mutanen da suka iso, ku bar shi daga jikin dutse, domin takarda ana gyara ta, dutse kuwa sai dai a fasa.

Akwai abin da ba daɗin faɗa, amma mai hankali zai tambaya: waɗanda suka guje wa Ingilishi a Sakkwato, Ingilishi suka tarar a Sudan, suka zauna da izininsu, kuma guminsu na cikin abin da ya raya gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Ku sa shi cikin bayani. Sannan bayan rikicin 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Shuɗin Nilu, duk wani allo da Hausawa ko Fulani za su kafa, wani zai karanta shi a matsayin da'awar ƙasa. Ku nemi izini a rubuce daga ƙaramar hukuma, ku kai wa shugabannin maƙwabta rubutun su gani tun kafin a sassaƙa, ku kafa shi a harabar makaranta ko masallaci, ba a shataletale ba.

Ban da surar mutum, allon dutse ya isa. Ku nemi dutse mai tauri wanda ake gogewa, kauri santimita 8 zuwa 10, a sassaƙa haruffa zurfin milimita 3 zuwa 5. Fenti rana za ta cinye shi cikin 'yan shekaru, allon tagulla kuwa 'yan gwangwan za su ɓamɓare. A rubuta da Larabci, da Hausa a ajami da boko, da Fulatanci, kuma mutum uku dabam-dabam su duba kowane rubutu a takarda mai girman allon. Harsashi shi ne abin tsoro, saboda baƙar ƙasar yankinku laka ce mai kumbura da damina, ta tsage da rani, ta karkatar da gini. A haƙa mita ɗaya da rabi ko fiye, a zuba yashi da tsakuwa a daddale, a yi faffaɗan kankare mai rodi, a kewaye da daɓe mai gangara don ruwa ya gudu. Kada a dasa itace kusa da shi.

Kafin dutsen ma, ku ɗauki muryar dattawa, kowa da sunansa da ranar hira, ku ajiye kwafi uku a wurare dabam-dabam. Tsofaffin wasiƙu a ɗauki hotonsu, a sa su tsakanin farar takarda. Ba a manna musu salatif, ba a kai su a liƙe da leda.

Wani ɗan kasuwa daga Atbara: "An kawo mini ɗan mutum-mutumin dutse, an ce daga Khartum ya fito, a farashi mai sauƙi. Na saya in adana?"

Kada ka saya, Alhaji, ko da kyakkyawar niyya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum da wasu gidajen tarihi, kuma duk kuɗin da aka biya kira ne ga ɓarawo ya koma ya ƙaro. Dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta ɗauki abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsa da fitar da shi ba da izini ba, don haka mai saye ma yana iya shiga hannu.

Idan za ka iya ba tare da jefa kanka cikin haɗari ba, ɗauki hotonsa gaba da baya da ƙasa, da wani abu mai sanannen girma a gefensa. Duba gindi ko bayansa, kayan gidan tarihi kan zo da lamba da aka rubuta da tawada, wani lokaci sai ka ga tabon inda aka kankare ta. Rubuta tsawo, faɗi, irin dutsen, da duk wata karaya, domin da karayar ake gane abu idan an haɗa da tsohon hotonsa. Ka miƙa wannan ga Hukumar Kayan Tarihi da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ko 'yan sandan da ke kula da kayan tarihi. Interpol ma tana da manhajar waya mai suna ID-Art, kyauta, wadda ake sa hoto a ciki ta binciko ko an ba da rahoton satar abin. Rashin ganinsa a ciki ba ya wanke shi, domin da yawa daga abin da aka kwashe ba a kai ga shigar da su ba. Idan kuwa abin ya riga ya shigo hannunka, kada ka wanke shi, kada ka shafa masa mai, ka naɗe shi a tsumma mai tsabta, kuma ranar da za ka miƙa shi ka karɓi takardar shaida mai hatimi da sa hannun jami'in da ya karɓa.